Darajar mamaye fili a wasan chess

Sabon ɗan wasan chess yakan auna nasararsa da yawan 'ya'yan da ya cinye. Amma sau da yawa ana kayar da mutum alhali kayansa suna nan daram, don kawai an hana su wurin motsi.

Allon chess gidaje 64 ne, kowane ɓangare kuma yana farawa da 'ya'ya 16. Wanda ya tura sojojinsa na tsakiya zuwa layi na huɗu ko na biyar, ya kuma tsare su, ya samu fili a bayansu. A nan ne dawakinsa da hasumiyoyinsa ke sauya ɓangare cikin sauri, yayin da na abokin karawarsa ke cunkushe, wannan ya tare wa wancan hanya.

An ga haka a gasar Olympiad ta 1974 a birnin Nice na Faransa, inda Anatoly Karpov ya kara da Wolfgang Unzicker na Jamus. Karpov ya rufe tsakiya da sojansa a gidan d5. A motsi na 24 ya ajiye bishop ɗinsa a gidan a7, ya toshe layin da Unzicker ke fatan yin musayar hasumiyoyi a kansa. Daga nan ya karkata hari zuwa ɓangaren sarki, Unzicker ya miƙa wuya bayan motsi na 44.

Darasin da ke ciki shi ne, mai fili ya guji musayar 'ya'ya barkatai, domin kowace musaya tana rage cunkoson da ke damun abokin karawa. Wanda aka matse kuwa, musayar ce mafitarsa, tare da kai farmaki da soja kan tushen jerin sojojin da suka danne shi.

Sai dai akwai haɗari. Soja ba ya komawa baya, kuma duk gidan da ya wuce ya daina tsare shi har abada. Idan aka tura sojoji fiye da abin da sauran 'ya'ya za su iya karewa, dokin abokin karawa zai samu gurbin zama da ba mai iya korarsa. Saboda haka kafin ɗan wasa ya tura soja, ya fara duba wanda zai tsare gidajen da zai bari a baya.