Hasashen Masana da Iyakar Ƙirƙirarriyar Basira

Ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar da ke sa kwamfuta ta yi ayyukan da a da sai mai hankali ke iya yi, ta kafu a matsayin fannin ilimi a taron da masana suka yi a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956, kuma tun daga lokacin take tafe da alkawuran da suka fi ƙarfinta. A 1965 Herbert Simon, wanda daga baya ya sami lambar yabo ta Nobel, ya yi hasashen cewa cikin shekara 20 na'ura za ta iya kowane aikin ɗan Adam, amma tun wa'adin bai kai rabi ba rahoton Lighthill na 1973 ya sa Birtaniya ta rage kuɗin binciken, saboda an ga ihu ya fi aiki yawa. Haka ma Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin jigogin fannin, ya ba da shawara a 2016 cewa a daina horar da likitocin da ke karanta hoton cikin jiki, sai ga shi har yau asibitoci na nemansu ruwa a jallo.

Nasarorin fasahar na gaske ne, sai dai sun fi yawa inda ƙa'idoji suke a ƙayyade, kamar wasan ces da kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov a cikinsa a 1997. Manhajoji irin su ChatGPT kuwa, an ɗura musu ɗimbin rubutu ne har suka koyi cankar kalmar da ta fi dacewa ta biyo wata, don haka suna iya tsara zance mai santsi ba tare da tantance gaskiyarsa ba. Wannan ne ya sa wata kotun New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a 2023, bayan sun kafa hujja da hukunce-hukuncen da manhajar ta ƙaga.

Abin da ke rikita mahawarar jama'a shi ne yadda ake ɗaukar hasashen masani tamkar sakamakon gwaji, alhali sakamako ana iya maimaita shi a tabbatar, hasashe kuwa ra'ayi ne, musamman idan mai yin sa yana da hajar sayarwa. Ya kamata 'yan jarida da masu tsara doka su riƙa tambayar abin da aka gwada da wanda ya gwada shi kafin su yayata abin da aka ce zai faru.