Kasada da Tawakkali: Darasi Daga Attajiran Kano na Zamanin Gyaɗa

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, ɗan kasuwa a Kurmi ko Kwari kan sayar da hajarsa, in ya koma sari ya tarar kuɗin ba za su maido masa da abin da ya sayar ba. Tambayar da ake yawan yi mana bayan sallah ita ce: a irin wannan hali, mutum ya ƙanƙame jarinsa ne, ko kuwa ya juya shi?

Birnin nan ya taɓa shiga irin wannan ruɗani. Turawa sun ci Kano a 1903, zuwa 1912 kuma jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya tsakaninta da Legas. Fataken da suka gaji hanyar Gwanja, masu shafe watanni da ayarin jakuna don sayo goro, suka ga sana'ar iyaye ta kama hanyar sauyawa. Turawa auduga suke fata, amma attajirai irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo sun fi su sanin manomin ƙasar Kano: gyaɗa ta fi masa riba, in ta ƙi sayuwa kuma ya ci da iyalinsa. Sai suka watsa yaransu ƙauyuka suna saye. Daga baya Alhassan Ɗantata, wanda tuni ya koma ɗauko goro ta jirgin ruwa, ya shigo harkar, har ya zama babban mai sayen gyaɗa. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajiri mafi dukiya a Afirka ta Yamma.

Abin lura, ba ido rufe suka shiga ba. Sun san kayan, sun san mutanen, suna kuma da amanar da suka gina shekara da shekaru. Wannan ita ce kasadar da shari'a ta yarda da ita. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce riba tana bin wanda ya ɗauki nauyin asara. Shi ya sa aka halatta ƙiradi: wani ya kawo jari, wani ya kawo ƙarfinsa, su raba riba bisa kason da suka amince, in asara ta zo ba da sakaci ba, mai jari ya rasa kuɗi, mai aiki ya rasa guminsa. An kuma halatta salam, wato biyan kuɗin amfanin gona tun kafin girbi, matuƙar an ƙayyade nau'i da awo da lokaci.

Abin da aka hana shi ne garari, cinikin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Duk wanda ya yi maka alkawarin ninka kuɗinka cikin wata guda babu fargabar asara, ka guje shi. Haka mai ɓoye hatsi yana jiran talaka ya ƙara shiga ƙunci: wannan ba hangen nesa ba ne, ihtikari ne, kuma zunubi ne.

Ya kai ɗan'uwa, ka juya jarinka a sana'ar da ka sani. Kada ka zuba shi duka wuri guda. Ku rubuta bashi da sheda, ka nemi shawara, ka yi istihara, sannan ka dogara ga Allah. Tawakkali bayan an yi tanadi yake zuwa, kamar yadda Annabi Yusuf (AS) ya tara hatsin shekarun wadata saboda shekarun fari.

Allah Ya sanya albarka a kasuwanninmu, Ya ciyar da mu halal.