Ɗinkin Ɓaraka: Gyaran Jiki Bayan Ciwon Daji



Ni ba likita ba ne, malamin Hausa ne, saboda haka ta ƙofar kalma zan shiga. Turawa su kan kira wannan aiki tiyatar filastik. Mu kuwa da mun ji haka sai hankalinmu ya tafi kan roba, ko kan kwalliyar matan attajirai. Alhali kalmar daga Girkanci ta fito, ma'anarta tsara siffa, watau irin abin da maginin tukwane ya ke yi da yumɓu.

In likita zai cire ciwon daji, tilas ya haɗa da lafiyayyen naman da ke kewaye, sai a bar gurbi. Ana cike gurbin nan ne da jikin majinyacin kansa. Tun 1906 Tansini, mutumin Italiya, ya juyo tsokar baya ya rufe ƙirjin da aka cire wa mama. A 1982 Hartrampf a Amurka ya gina mama da fata da kitsen ciki. A 1989 Hidalgo ya nuna za a iya ɗebo siririn ƙashin ƙwauri tare da jijiyoyinsa na jini, a lanƙwasa shi ya zama muƙamuƙi, sa'an nan a ɗinke jijiyoyin da zaren da bai kai kaurin gashi ba. Mutumin da ba ya iya tauna tuwo sai ya koma ci, ya koma magana. Wannan ce kwalliya?

Irin wannan gwaninta ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun 1999 asibitin noma na Sakkwato ke gyara fuskokin yaran da cutar ta cinye, ko da ya ke noma ba sankara ba ce. A nan kusa, a Jahun, ana ɗinke masu yoyon fitsari.

Abin da ya dame ni shi ne matar da ta ji ƙullutu a mamanta, a Dutse ko Kiyawa, ta ɓoye shekara guda don tsoron wuƙa da gorin kishiya, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa abin da aka cire ya kan ginu. Wani mijin kuma ya ce ai canza halitta ne. To, malamai sun ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya umarci Arfaja, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, ya sa hancin zinariya. Don haka ni dai, a takardun asibiti da sanarwar rediyo, "tiyatar gyara" na ke so mu riƙa rubutawa.