In Mota Ta Ce "Ƙas" Ta Yi Shiru

'Yan'uwa direbobi da masu motoci a Garwa da kewaye, akwai wata asara da muke yawan gani a garejinmu. Mota ta ƙi tashi, sai kawai a ce sitata ta mutu, watau abin da masu Faransanci ke kira démarreur, a kwance ta a sayo wata. Alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau, wuta ce ba ta isa gare ta.

A jikin sitata akwai wani ɗan gwangwani da ake kira solenoyid. In ka murɗa makulli, wata siririyar waya ce ke ba shi wuta, shi kuma ya tura ɗan haƙorin sitata cikin haƙoran filawil, ya haɗa babbar wayar batir da sitatar. Wutar da ke bi ta nan takan wuce amfiya 100 ko a ƙaramar mota. Don haka ɗan tsatsa kaɗan a kan batir ya isa ya hana tashi, ko da rediyo na ta waƙa.

To, ga gwajin da ba ya cin ko sefa ɗaya. Kunna manyan fitilu, sa'an nan ka murɗa makulli. In fitilun sun dushe, kana jin ƙas-ƙas-ƙas da sauri, batir ya yi sanyi ko kawunansa sun kwance. A wanke farin garin da ya taru da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, a goge, a ɗaure tam. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a mita, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba lokacin tayarwa. Mu a nan zafin Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40, shi ke shanye ruwan batir, sai a riƙa dubawa.

In fitilu na nan da haskensu, aka ji ƙas sau ɗaya tak, a zargi tagullar cikin solenoyid da ta ƙone, ko gawayin sitata da ya cinye. Duka biyu mai gyaran wutar mota yana iya canja su. Dukan sitata da sifana da yaran mota ke yi yakan tayar da ita yau da gobe, amma ba magani ba ne. In kuwa shiru ne ɗungum, a bi siririyar wayar nan har zuwa makulli, a duba fis da rile.

Wayar da aka fi mantawa da ita ita ce ta ƙasa, mai haɗa batir da bodi da inji. Gargadar hanya na kwance ta, ruwan damina na cin ta. Ita ce ke sa mota ta tashi lafiya a Garwa, ta ƙi tashi a Mbe ko a kasuwar Pitowa ran Lahadi.

Masu haɗa kawunan solenoyid da sukuddireba kuma, don Allah a tabbatar giya na firi, an ja birkin hannu, domin motar na iya zabura ta taka mai gyaran. Kafin a kwance kowace waya, a fara cire kan batir mai alamar ragi. Mai mota otomatik ya tuna turi ba ya tayar da ita, kuma ba za ta amsa makulli ba sai giya na kan P ko N.