Bayyana Gazawa a Turancin Baka: Tarkon da ke Gaban Bahaushe Mai Koyo

Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta Jihar Jigawa, tana cikin fadamar Kogin Haɗeja, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai da hunturu. A shekarar 2008 aka sanya dausayinta cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Saboda haka masu bincike da ɗalibai sukan ziyarci wurin, kuma sau da yawa Turanci ne ke haɗa baƙo da ɗan gari mai yi masa jagora. A irin wannan hulɗa, ba abin da ya kai faɗar gazawa haɗari, domin idan mai kwale-kwale ya ce ba a iya ratsa wata mashiga da kacalla ta toshe, baƙo kuwa ya ji akasin haka, to, an shiga matsala.

Tushen wahalar shi ne Hausa ta rarrabe abin da Turanci kan dunƙule. Bahaushe yana da "ban iya ba", wato rashin ƙwarewa. Da "ba zan iya ba", wato rashin hali ko ƙarfi. Da "na kasa", wato an gwada abu ya faskara. Da kuma "ba dama", wato wani dalili ne ya hana. Turancin baka kan wadatu da kalma guda, can't, a mafi yawan waɗannan wurare.

Alal misali, "ban iya iyo ba" shi ne I can't swim. Siffar jimlar Hausa ta shuɗaɗɗen lokaci ce, amma ma'anarta ta yanzu ce, don haka kuskure ne a ce couldn't. Ita couldn't ta dace da "na kasa", kamar I couldn't cross the river, wato na kasa ƙetare kogin. Haka kuma "ba zan iya ba" tana ɗauke da "za", shi ya sa mai koyo kan ce I will not can, alhali Turanci bai yarda will da can su jeru ba. Idan gobe ake nufi, sai a ce I can't come tomorrow, ko I won't be able to come. Daga nan ne ma wani kuskuren da ya yaɗu a Nijeriya ya samo asali, wato I cannot be able, inda aka gwama hanyoyi biyu masu ma'ana ɗaya. Ɗaya ta wadatar.

Akwai kuma tarkon fassara kai tsaye. "Ba na jin Turanci" ba I don't hear English ba ce, domin hear ji ne na kunne kawai. Abin da ya dace shi ne I don't understand English, ko I can't speak English.

Ta fuskar furuci, gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, saboda haka t ɗin ƙarshe kan faɗi, can't ta koma can, ma'ana ta juye gaba ɗaya. Maganin wannan yana cikin Hausar kanta, wadda ta san bambancin dogon wasali da gajere. A Turancin Ingila wasalin can't dogo ne, kamar na gaɓar farko ta "kasa", ita kuwa can a tsakiyar jimla gajera ce marar nauyi. Wanda ya ja wasalin, ko da t ta ɓace, za a gane nufinsa.

Saura ladabi. Kamar yadda Bahaushe kan gabatar da "yi haƙuri" kafin ya ƙi abu, haka Bature kan ce I'm sorry, I can't, ko I'm afraid I can't, kuma afraid a nan ba tsoro take nufi ba, tausasa zance ne. Wajibi ne kuma a guji I won't a wannan muhalli, domin ita ƙi ce da gangan. Jagoran da ya faɗe ta yana nufin ruwa ya hana, baƙo zai ɗauka taurin kai ne. Malamin da zai koyar da wannan darasi, ya fi kyau ya fara da tambayar ɗalibi wace gazawa yake nufi da Hausa, sannan a nemo ta Turanci.