Keken Farko: Me Ya Sa Ba Ya Fita Daga Rai?

A gidaje da dama a Kano, Zariya, Katsina da Gusau za ka tarar da tsohon keke jingine a zaure ko rataye a ɗakin ajiya. Tayoyi sun sace, sarƙa ta yi tsatsa, amma ko nawa 'yan gwangwan suka taya, maigidan ba zai sallama ba. Wani ma kekensa ya daɗe da salwanta, duk da haka dattijo mai shekara sittin zai faɗa maka launinsa, da wanda ya saya masa, da kwanar da ya fara faɗuwa da shi. Tambaye shi lambar motarsa ta farko, sai ya tsaya tunani. Abin ya yawaita tsakanin mazan da suka taso daga shekarun 1960 zuwa na 1980, har ya cancanci a tambayi dalilinsa da kuma abin da ya haifar.

Babban dalili shi ne wuyar samu. A wancan zamani keke dukiya ce ta magidanci. Manomi kan jira kaka, ya sayar da gyaɗa ko auduga, sannan ya sayi Raleigh, keken Ingila da aka riƙa haɗawa a Kano, ko kuma daga baya Phoenix na China da Hero na Indiya masu sauƙin kuɗi. Yaro kuwa ba ya farawa da nasa. Wurin mai keken haya yake farawa, ya biya kwabbansa a ba shi 'yan mintoci, ya dawo zuciya na dukan uku-uku don kada lokaci ya wuce. Ko kuma ya faki idon mahaifinsa bayan azahar ya ja babban keken, tun ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi ba, ya zura ta ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya yana tafiya a karkace. Kafin a ce "ga naka", ya shekara biyu ko uku yana begen abin. Sau da yawa ma ba sabo ba ne, na yayansa ne da aka sake wa fenti, kuma akwai abin da aka yi kafin a ba shi: saukar Alƙur'ani, cin jarrabawar shiga sakandare, ko tarin kuɗin aikin gona. Shi ya sa in ana zancen keken, ba a daɗewa zance ya koma kan uba ko kawun da ya saya, wanda galibi ya riga mu gidan gaskiya.

Sai kuma abin da keken ya buɗe wa yaro. Duniyarsa da ta tsaya iya unguwa sai ga ta ta kai bayan ganuwa, ta kai kasuwar ƙauyen da ke gaba. Bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 makarantu sun cika, kuma ga yaran karkara da yawa keke ne ya sa zuwa makarantar da ke nesa ya yiwu. Shi ne karon farko da yaro ya yanke wa kansa inda za shi da hanyar da zai bi. Shi ne kuma karon farko da aka dogara da shi: a aike shi niƙa, ya goyo ƙanensa a kariya, ya kai abinci gona.

Akwai dalilin da aka fi mantawa da shi, wanda ni a ganina ya fi sauran ƙarfi. Keken wancan lokaci abu ne da yaro ke iya ganewa gaba ɗayansa. Ya tsuguna gaban mai faci ya ga yadda ake tsoma roba a ruwa don gano huji, gobe ya yi da kansa. Ya koyi mayar da sarƙa, ɗaure burki, shafa giris. Ya ƙawata shi da madubi da ƙararrawa da lambobi. Abin da hannunka ya kwance ya mayar ba ya zama baƙo gare ka. Wayar da ke hannun yaron yau ta fi keke ban mamaki, amma in ta lalace sai dai a kai kasuwar waya ta Farm Centre ko a sake wata, kuma da wuya ka ji wanda ke kewar wayarsa ta farko haka.

Dole a yi wa wannan ƙauna adalci ta wani ɓangaren. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa tsofaffi sun fi riƙe abubuwan da suka faru da su tun daga wajen shekara goma zuwa talatin. Wato wani kaso na son keken, kewar ƙuruciya ce da iyaye da garin da bai cika da hayaƙi ba. Haka nan labarin kusan duk na maza ne. 'Yan mata kaɗan ne aka saya wa keke, waɗanda suka koya ma akan hana su da zarar sun fara girma. Rabin al'umma ba ta da wannan abin tunawa, kuma ba don ba ta so ba.

To me ƙaunar ta haifar? Ta fitar da makanikai da masu walda da dama waɗanda hannunsu ya faɗa a kan keke. Ta kuma sa iyaye suna saya wa 'ya'yansu ƙananan kekunan gwanjo tun kafin su roƙa. Amma ba ta hana a bar keke ba. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya ɗora ma'aikata a kan babura da motoci. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 ya sa acaɓa ta yawaita, sannan baburan China masu araha suka cika ƙauyuka. A hankali keke ya zama alamar rashi, har mai muƙami yana jin kunyar a gan shi a kai. Mutanen da suka fi kowa son kekensu na farko su ne suka zama injiniyoyi da kwamishinoni da 'yan majalisa, kuma a hannunsu aka faɗaɗa tituna aka gina gadojin sama ba tare da an ware wa mai keke ko taku ɗaya ba. Wannan ne ya fi damuna a cikin lamarin.

Duk lokacin da keke ya dawo kan titi, tilas ce ta dawo da shi. Da aka hana babura a Maiduguri a 2011 saboda rikicin Boko Haram, keke ya cika gari. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero, sai dai a can A Daidaita Sahu ce ta fi cike gurbin. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ma'aikata da malaman makaranta da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekuna ko suka nemi na hannu. A nan ne koyon ƙuruciya ya yi rana, domin jiki ba ya manta hawan keke, kuma wanda ya taɓa son abin bai cika jin nauyin komawa gare shi ba.

Sai dai titin da suka komo ba shi ne wanda suka bari ba. Tsakanin tifa da A Daidaita Sahu, babba ma da addu'a yake wucewa. Shi ya sa uban da ya zagaye gari a kan keke yana ɗan shekara goma sha biyu yake hana ɗansa wuce bakin layi, kuma yana da gaskiya. Yaron yana da keke, amma iyakarsa tsakar gida da ƙofar gida, ba a aikensa da shi, bai taɓa yin faci ba. In gwamnatocin jihohi suna son keke ya rage wa talaka kuɗin mota, aikin farko shi ne keɓe masa hanya a titunan da ke kaiwa makarantu da kasuwanni, da wurin ajiya mai tsaro a harabar makarantu, na maza da na mata.