Yadda Jiragen Sama Ke Zaɓen Hanya a Kan Teku

Daga watan Nuwamba zuwa Maris sanyi yakan tsananta a ƙasashen Turai. Yini ya gajarta, dare ya yi tsawo, a wasu wurare ƙanƙara ta rufe ƙasa. A wannan lokaci mutane da yawa sukan ɗauki hutu su tafi bakin teku a ƙasashe masu zafi. Wasu su nufi Gambiya, wasu Senegal, wasu kuma tsibiran Cape Verde da ke cikin teku, yamma da Senegal. Abin da ke kai su dai shi ne ɗumin rana da wanka a bakin ruwa. Masu otal da masunta da masu sayar da kayan hannu na can sukan sami ciniki sosai a waɗannan watanni.

Kusan dukkan waɗannan baƙi ta jirgin sama suke zuwa. Wasu tafiye-tafiyen kuwa sai an tsallake babban teku, a yi awa shida ko bakwai ba a ga ƙasa ba. A kan ruwa babu titi, babu alama, babu wurin da za a raɓe a tsaya. Duk da haka jirgi ba ya bin inda ya ga dama. Kafin ya tashi, an riga an zauna an tsara masa hanya.

Hanyar da ta lanƙwashe

Wanda ya dubi taswira zai zaci jirgin da ya tashi daga New York ta Amurka zuwa Landan ta Ingila gabas zai miƙe ɗoɗar. Ba haka yake yi ba. Yakan fara yin arewa maso gabas, ya bi ta gefen ƙasar Kanada, sannan ya shiga tekun Atilantika, ya ɓullo ta wajen ƙasar Ailan. A kan takarda hanyar ta yi kama da baka.

Dalili shi ne duniya a dunƙule take, taswira kuwa a shimfiɗe. Ana iya gwada wannan a gida. A sami kankana ko duma, a yi ɗigo biyu nesa da juna a wajen samanta. Sai a ɗauko zare a ɗora daga wannan ɗigo zuwa wancan, a ja shi ya miƙe. Za a ga zaren ya karkata wajen kan kankanar da kansa. Inda zaren ya kwanta nan ne hanya mafi kusa. Watau abin da ya yi kama da zagaye a taswira, shi ne yanke.

Daga zango zuwa zango

Amma kusa ba ita kaɗai ake dubawa ba. Ayarin raƙuman da ke zuwa Bilma ɗauko gishiri ba ya shiga hamada da ka. Madugu ya san inda kowace rijiya take, ya san kwana nawa raƙumi zai yi bai sha ruwa ba. Da wannan lissafi yake zaɓen hanya. Masu tsara tafiyar jirgin sama ma haka suke yi. Rijiyoyinsu su ne filayen jiragen sama da ke bakin teku da kan tsibirai.

Yawancin manyan jiragen fasinja na yanzu inji biyu gare su. An ƙera su yadda idan ɗaya ya mutu, ɗayan zai iya ci gaba da tafiya. To, amma har tsawon wane lokaci? A shekarar 1953 hukumar jiragen sama ta Amurka ta kafa doka. Ta ce jirgi mai inji biyu kada ya yi nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga wani filin da zai iya sauka. Injunan wancan zamani suna yawan ɓaci, saboda haka dokar ta yi daidai. Tsallake babban teku sai ya zama aikin jirage masu inji uku ko huɗu.

Da injuna suka ƙara inganci sai aka sassauta. A 1985 aka yarda da minti 120, a 1988 aka kai minti 180. A 2014 hukumar Turai ta ba wani jirgi mai suna Airbus A350 izinin minti 370, watau awa 6 da minti 10. Ba kowane kamfani ake ba irin wannan izini ba. Sai an duba irin jirgin, an duba yadda kamfanin ke gyaran injuna, da yadda ya horar da matuƙansa.

Saboda haka mai tsara hanya yakan zana da'ira a kewayen kowane fili. Dole hanyar jirgin ta bi ta cikin waɗannan da'irori tun daga farko har ƙarshe. Idan hazo ko guguwa ta rufe wani fili a ranar, ba za a lissafa da shi ba, sai a karkatar da hanyar. Ana kuma zuba mai fiye da na tafiyar, don ko ta-kwana. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Abin da ya faru a 2001 ya nuna amfanin wannan shiri. Wani jirgin kamfanin Air Transat, wanda aka sani da jigilar masu tafiya hutu, ya tashi da dare daga Toronto ta Kanada zuwa Lisbon ta Fotugal. Mutum 306 ne a ciki. Ashe wani bututun mai a injin dama yana gugar wani bututun, har ya tsage. Mai ya yi ta zuba a kan teku ba tare da an lura da wuri ba. Da matuƙan suka ga man ya ragu ƙwarai, sai suka juya zuwa tsibiran Azores, waɗanda ke cikin tekun Atilantika, yamma da Fotugal.

Ba su kai ba sai injin dama ya mutu. Bayan minti 13 na hagu ma ya tsaya. Jirgin ya yi tsit a sararin sama, ba ƙara, ba mai ko ɗigo. Amma jirgin da injinsa ya mutu ba ya faɗowa kamar dutse. Fukafukansa sukan riƙe shi, ya riƙa gangarowa sannu a hankali kamar shaho. Babban matuƙin, Robert Piché, ya lallaɓa shi haka nan tafiyar kimanin kilomita 120. Da asubahin 24 ga Agusta ya dira a filin Lajes da ƙarfi, har tayoyi takwas suka fashe. Wasu sun ji rauni wajen fitowa, amma ba wanda ya rasu. Da babu wannan tsibiri a kusa da hanyarsu, da a ruwa za su sauka.

Ba lalacewar inji kaɗai ke sa a nemi zango ba. Fasinja yakan kamu da ciwon zuciya, mace takan fara naƙuda, ko a ji ƙaurin hayaƙi. Ranar 11 ga Satumba, 2001, da aka kai hari Amurka, ƙasar ta rufe samaniyarta. Jirage 38 suka sauka a Gander, wani ƙaramin gari kusa da gabar gabashin Kanada. Mutanen garin ba su wuce 10,000 ba, ga baƙi fiye da 6,000. Suka buɗe makarantu da majami'u da gidajensu, suka ciyar da su har kwanaki.

Wannan tsari na zango-zango ya taɓa ratsa ƙasar Hausa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jirage ba su iya dogon zango. Jiragen Amurka masu zuwa Masar sukan tashi daga garin Natal na Brazil, su sha mai a tsibirin Ascension, inda aka gina fili a 1942. Daga nan sai Akara ta Gana, sai Kano, sai Maiduguri, har Hartum.

Kogin iska

A can sama, wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, inda manyan jirage ke tafiya, akwai wata iska mai ƙarfin gaske. A arewacin Atilantika daga yamma take busowa zuwa gabas. Gudunta yakan haura kilomita 200 a awa ɗaya, ta fi tsananta lokacin sanyi. Tana da iyaka kamar kogi, tana kuma sauya wuri kullum.

Duk mai kwale-kwale ya san bin ruwa ya fi sauƙi bisa ga haurawa. Jirgin da ke zuwa Turai daga Amurka yakan nemi wannan iska ya shiga cikinta, ta tura shi. Mai komawa kuwa kauce mata yake yi, ko da hanyarsa za ta ƙara tsawo. Shi ya sa zuwa Landan daga New York ya fi komawa sauri da kimanin awa guda. A watan Fabrairu na 2020 iskar ta yi ƙarfi ƙwarai. Wani jirgin British Airways ya yi wannan tafiya cikin awa 4 da minti 56, alhali an saba yin fiye da awa 6.

Kamfanoni sun damu da wannan lissafi, domin mai yana cikin abubuwan da suka fi cin kuɗinsu. Minti 10 da aka rage a tafiya guda ba kome ba ne. Amma idan aka tara na shekara, kuɗi ne masu kauri, kuma a ƙarshe a kan tikitin fasinja suke komawa.

Jirage fiye da 1,000 ne ke tsallake arewacin Atilantika a kowace rana. Don kada su yi karo, ma'aikatan kula da zirga-zirgar jirage sukan zana musu layuka sau biyu a rana, bayan sun duba inda iska take. Ofishin Gander ke zana na dare, na masu zuwa gabas. Ofishin Prestwick da ke Sikotilan ke zana na rana, na masu zuwa yamma. Kowane jirgi a ba shi layinsa da tsayinsa. Tsakanin na sama da na ƙasa akan bar ƙafa 1,000, kimanin mita 300. A da, idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, na'urar hango jirage ba ta ganinsa, sai matuƙi ya riƙa faɗin inda yake ta rediyo. Tun daga 2019 taurarin ɗan'adam ke nuna wa ma'aikatan inda jiragen suke a wannan yanki.

Hadari

A kan teku tsakanin Afirka ta Yamma da Brazil akwai wani yanki da hadari ba ya yankewa. Ɗamarar gizagizai ce, ita ce kuma ke matsowa arewa ta kawo damina a ƙasashen nan. Gizagizanta sukan kai tsayin da jirage ke tafiya, har su wuce. A hancin kowane babban jirgi akwai na'ura mai nuna hadari tun daga nesa, matuƙi ya gani ya ratse.

Ranar 1 ga Yuni, 2009, jirgin Air France mai zuwa Paris daga Rio de Janeiro ya shiga wannan yanki da dare. Ƙanƙara ta toshe 'yan bututun da ke auna gudunsa. Matuƙan suka ruɗe, jirgin ya faɗa teku. Duk mutum 228 da ke ciki suka rasu. Sai bayan kusan shekara biyu aka gano tarkacensa a zurfin kusan mita 4,000. Binciken da aka yi ya sa aka gyara yadda ake horar da matuƙa.

Sai da izini

Samaniyar kowace ƙasa tata ce. Jirgi ba ya ratsawa sai da izini, kuma yawanci sai an biya kuɗi. Idan yaƙi ya ɓarke, hanya ta toshe ke nan. Alhazan Nijeriya sun ga haka a 2023. Daga Kano zuwa Jidda hanya mafi kusa ita ce ta Cadi da Sudan, sannan a tsallake Bahar Maliya. Wannan teku siriri ne, jirgi yakan haye shi cikin ƙasa da rabin awa. Da faɗa ya tashi a Sudan a watan Afrilu na wannan shekara, aka rufe samaniyarta. Dole jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin jigila ma ya ƙaru.

Wani lokaci rashin izini kan kori jirgi daga kan tudu zuwa kan teku. A 1963 ƙasashen Afirka da dama suka hana jiragen Afirka ta Kudu ratsa samaniyarsu, saboda mulkin wariyar launin fata da ake yi a can. Jiragen da ke zuwa Turai sai suka koma bin teku, suna zagaye yammacin Afirka. Hanyar ta yi tsawo, suna bukatar wurin shan mai. Ɗaya daga cikin wuraren da suka dogara da shi shi ne tsibirin Sal na Cape Verde, wani busasshen wuri da aka sani da gishiri. Shekara da shekaru kuɗin da suke biya yana taimakon ƙasar.

Da wariya ta zo ƙarshe a farkon shekarun 1990, hanyar kan tudu ta sake buɗewa. Filin jirgin Sal bai mutu ba. An gina otal-otal a bakin ruwan garin Santa Maria da ke kudancin tsibirin, jiragen da ke sauka a filin yanzu kuwa galibinsu masu hutu suke kawowa daga Turai.